Yadda Za Ku Sa Injin Bincike Ya Gane Laburaren Jami'arku

Kafin ku ci gaba da karatu, ku ɗauki waya ku rubuta sunan laburaren jami'arku a Google, ku tsaya ku dubi abin da ya fito. Shafinku ne a sama ko na wani? Akwai akwatin nan mai ɗauke da hoto, adireshi, lambar waya da lokacin buɗewa? In akwai shi, bayanin da ke ciki naku ne, ko na wani reshe ne da aka rufe tun shekaru biyar da suka wuce?

Ma'aikatan laburare da yawa ba su taɓa yin wannan gwajin ba, saboda su ba sa neman shafinsu a Google, adireshin yana kansu. Ɗalibi kuwa ta can yake shigowa. Tun a 2005 wani rahoton OCLC, ƙungiyar haɗin gwiwar laburare ta duniya, ya nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na masu neman bayani daga injin bincike suke farawa, kashi 1 kacal ke farawa daga shafin laburare. Wannan fa kafin wayar hannu ta zama abin da ta zama yau.

Matsalar ba ta ƙananan jami'o'i ba ce kaɗai. A 2012, wanda ya nemi laburaren Jami'ar Jihar Montana ta Amurka a Google, akwatin da ke fito masa na reshen da ke garin Billings ne, alhali babban laburaren yana Bozeman. Shugaban laburaren na lokacin, Kenning Arlitsch, ya bi diddigin abin har ya yi digirin digirgir a kansa a Jami'ar Humboldt da ke Berlin. Ya duba manyan laburaren bincike 125 na Amurka da Kanada, ya tarar da yawa daga cikinsu ko dai injin bai gane su ba, ko ya gane su rabi da rabi. Waɗannan kuwa gidaje ne masu kuɗi da ƙwararrun ma'aikata.

Abin da ya sauya shi ne, a watan Mayun 2012 Google ya ƙaddamar da Knowledge Graph, wata ƙatuwar taskar bayani da ke ƙoƙarin sanin abubuwa a kan kansu, ba haruffan da ke cikin sunansu kawai ba. A da, injin yana neman shafukan da kalmar "laburare" ta fito a ciki ne. Yanzu yana so ya san cewa akwai wani wuri takamaimai, mai suna kaza, a ƙarƙashin jami'a kaza, a kan titi kaza, kuma wannan shafin nasa ne. Ba ya kuma yarda da bakin mutum ɗaya. Sai ya ji shaidu da dama sun faɗi abu guda kafin ya amince. Duk aikin da ke ƙasa na tara waɗannan shaidun ne da daidaita bakinsu.

In kun lura, wannan sana'arku ce. Ku ne kuke zama ku tantance cewa marubucin da ya sa hannu da suna uku daban-daban mutum ɗaya ne, ku zaɓi suna guda ku ɗaure sauran a jikinsa. Kun yi wa dubban marubuta wannan hidima, laburaren kansa ne aka manta ba a yi masa kati ba.

Mataki na 1: Ku rubuta halin da ake ciki

Ku buɗe burauza a yanayin sirri, ba tare da shiga asusunku na Google ba, don kada tarihin bincikenku ya ruɗe ku. Ku nemi laburaren da kowane suna da mutane ke kiransa: cikakken sunan hukuma, gajeren suna, harufan taƙaitawa, sunan jami'a haɗe da kalmar laburare, da tsohon suna in an taɓa sauyawa. In ana amfani da harshe fiye da ɗaya a jami'ar, ku gwada kowanne. Ku yi a Google, ku yi a Bing, injin binciken Microsoft, ku yi a taswira, a kwamfuta da kuma waya, domin sakamakon yakan bambanta.

Kowane gwaji ku ɗauki hoton allo, ku sa kwanan wata. A takarda guda ku rubuta abu huɗu: shin shafinku ya fito a farko, shin akwati ya fito, me ke daidai a cikinsa, me ke kuskure. Kada ku tsallake wannan don ɗokin fara gyara. Bayan wata shida za a tambaye ku me aikin ya haifar, kuma hotunan nan ne kaɗai amsarku.

Ku sani akwatin iri biyu ne, mutane na yawan haɗa su. Akwai na wuri, mai taswira da lokutan aiki da ra'ayoyin masu ziyara, wanda ke fitowa daga bayanan kasuwanci da wurare na Google. Akwai kuma na ilimi, mai taƙaitaccen bayani da shekarar kafawa, wanda galibi ke ɗibar bayani daga wurare irin su Wikipedia da Wikidata, taskar bayanai 'yar'uwar Wikipedia. Wani lokaci sukan haɗe su zama ɗaya. Hanyar gyaran kowanne daban ce.

Mataki na 2: Ku tsayar da suna ɗaya

Nan ne wuyar aikin take, kuma ba ta fasaha ba ce.

Na taɓa zama da ma'aikatan wani laburare muna wannan lissafi. A allon ƙofar gini an rubuta sunan wani bawan Allah da aka sa wa ginin don girmamawa. A saman shafin intanet an rubuta "Laburaren Jami'a" kawai. A Facebook harufa huɗu ne na taƙaitawa, waɗanda ashe wani kamfani a wata ƙasa ma da su yake amfani. A takardun ofis kuma an rubuta "Sashen Laburare da Ayyukan Bayanai". Da na tambaya wanne ne sunan gaskiya, sai aka yi shiru, aka kalli juna, can wata dattijuwa a sashen katalog ta ce, "Ai duka namu ne." Gaskiya ta faɗa. Amma injin da ya ga suna huɗu, wuri huɗu yake zato, kowanne da shaida ɗaya tak, sai ya ƙi amincewa da ko ɗaya.

Rikicin ya fi yawa tsakanin gini da hukuma. Jami'a na iya samun hukumar laburare guda mai kula da rassa bakwai, babban ginin kuma yana da nasa sunan. Waɗannan abubuwa biyu ne. Hukumar tana da shugaba da ma'aikata da shafin intanet, ginin yana da ƙofa da adireshi da lokacin rufewa. Ku yanke shawara tun yanzu: shin za ku gabatar da su a matsayin abu ɗaya, ko biyu masu alaƙa? In reshe ɗaya gare ku, ku haɗe su. In rassan na da yawa kuma kowanne na da gininsa, ku bai wa hukumar shaidarta, kowane reshe tasa, sannan ku nuna cewa wannan na ƙarƙashin wancan.

Daga nan ku fitar da takarda mai shafi ɗaya, shugaban laburare ya sa mata hannu. A ciki a rubuta babban suna harafi da harafi, sunayen da aka yarda su zama laƙabi, adireshi a tsari guda, lambar waya guda, adireshin shafin intanet guda, shekarar kafawa, tambari, da bayanin laburaren cikin jimla biyu. Shawarata ita ce babban sunan ya ƙunshi sunan jami'ar, ko kuma a riƙa haɗa su a duk inda aka rubuta. "Babban Laburare" zalla ba suna ba ne, akwai dubunsa a duniya. Duk abin da za ku cike a matakai na gaba, daga takardar nan za ku kwafa, ba daga ka ba.

Mataki na 3: Ku tabbata injin na iya shiga shafinku

Injin bincike na aiko da manhajar da ke yawo tana karanta shafuka, ta Google sunanta Googlebot. In an rufe mata ƙofa, duk sauran wahalarku ta tashi a banza.

Ku rubuta adireshin shafinku, ku ƙara /robots.txt a ƙarshe. Ƙaramin fayil ne da ake amfani da shi tun 1994 don gaya wa irin waɗannan manhajoji inda aka hana su shiga. In kuka ga layi mai cewa `Disallow: /` a ƙarƙashin `User-agent: *`, to an kulle gidan gaba ɗaya. Yakan faru ne idan masu gina sabon shafi suka rufe shi lokacin gwaji, suka manta ba su buɗe ba ranar ƙaddamarwa. Haka ma alamar `noindex` da ake mantawa a cikin shafi.

Sai ku yi rajista da Google Search Console da Bing Webmaster Tools, dandalin da ke nuna wa mai shafi yadda injin ke ganin shafinsa, duka kyauta ne. Za a nemi ku tabbatar shafin naku ne, ta hanyar sa wani ɗan fayil ko wata lamba, kuma a nan galibi dole ku nemi hannun sashen kwamfuta na jami'a. Ku je musu da buƙata takamaimai a rubuce, kada ku ce "muna so mu fito a Google", ba za su san ta inda za su kama ba. Bayan an tabbatar, ku miƙa taswirar shafi, wato fayil ɗin sitemap.xml mai jera adireshin dukkan shafukanku. Fayil ɗaya na ɗaukar adireshi har 50,000, in sun fi haka sai a rarraba.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna da tasiri. Babban sunan nan ya fito a taken shafin farko. Adireshi, waya da lokutan aiki su kasance rubutu ne na gaske, ba hoton sanarwa da aka ɗauka da waya aka liƙa ba, kuma ba a cikin PDF ba. In kun taɓa sauya adireshin shafi, a sa tsohon ya riƙa tura mutane sabon da turawa ta dindindin mai lamba 301. Shafin farko na jami'a ya kasance da mahaɗa kai tsaye zuwa naku. Sannan ku gwada shafin a ƙaramar waya, domin fuskar waya Google ke dubawa yanzu wajen tantance shafi.

Mataki na 4: Ku gabatar da kanku da harshen da injin ke ji

A watan Yunin 2011 Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa Schema.org, Yandex, injin binciken Rasha, ya shigo daga baya a shekarar. Ƙamus ne na bai ɗaya da mai shafi zai yi amfani da shi ya ce wa injin: wannan suna ne, wannan adireshi ne, wannan lokacin buɗewa ne. A cikinsa akwai nau'in da ake kira Library, akwai kuma CollegeOrUniversity. Tsarin rubutun da Google ya fi so shi ne JSON-LD, ɗan guntun rubutu da ake sakawa a cikin shafin farko, mai ziyara ba ya ganinsa. Ga kamanninsa:

```
{
  "@context": "https://schema.org",
  "@type": "Library",
  "name": "Laburaren Jami'ar Kaza",
  "alternateName": "Laburaren Wane",
  "url": "https://library.example.org",
  "parentOrganization": {
    "@type": "CollegeOrUniversity",
    "name": "Jami'ar Kaza"
  },
  "sameAs": [
    "adireshinku na Wikidata",
    "adireshinku na Facebook"
  ]
}
```

Za ku ƙara address, telephone, logo, geo da openingHoursSpecification. Amma layin da ya fi kowanne daraja shi ne sameAs. Da shi kuke cewa: wancan da kuka gani a Wikidata, da wancan na Facebook, da wancan na YouTube, duk ni ne. Shi ne zaren da ke ɗinke shaidun wuri guda. In kun gama, ku gwada rubutun a validator.schema.org, domin waƙafi ɗaya da ya ɓace na iya lalata shi duka.

Gargaɗi guda: kada ku rubuta a nan abin da babu shi a fuskar shafin. In a ɓoye kun ce ƙarfe goma ake rufewa, a fili kuma an rubuta takwas, kun ƙara wa injin ruɗani ne. Kuma kada wani ya yi muku alkawarin cewa da an sa wannan akwati zai fito gobe. Shaida ɗaya ce cikin shaidu, kuma ta bakin mai gida ce.

Mataki na 5: Ku karɓi ragamar wurinku a taswira

Wannan ne matakin da sakamakonsa ya fi saurin bayyana. Tsarin da a da ake kira Google My Business, tun 2021 sunansa Google Business Profile. Kalmar kasuwanci da ke cikin sunan kan sa ma'aikatan laburare su ɗauka ba da su ake ba. Da ku ake. Ƙa'idojin Google sun yarda sassan jami'a da ke hulɗa da jama'a kai tsaye, masu zaman kansu, su mallaki nasu bayanin daban da na jami'ar.

Ku fara neman laburaren a Google Maps kafin ku ƙirƙiri sabo. Sau da yawa za ku tarar wani ya riga ya sa shi, wani lokaci har sau biyu ko uku, ɗaya a gurbinsa, ɗaya a tsakiyar filin wasa. Ku nemi mallakar wanda ya fi daidai, ku kai rahoton sauran a matsayin maimaici. Google zai tantance ku ta hanyar da ya zaɓa: katin gidan waya, kiran waya, imel, ko bidiyon da za ku ɗauka kuna nuna allon ƙofa da cikin ginin. In kati ne, ku sanar da masu karɓar wasiƙun jami'a tun da wuri, in ba haka ba zai kwanta a wani tire har lambar ta mutu.

Ku zaɓi rukunin laburaren jami'a, ku ja alamar taswira ta tsaya daidai ƙofar shiga, ku sa hotunan da kuka ɗauka da kanku. Sai lokutan aiki, waɗanda su ne suka fi jawo muku zagi. Laburaren jami'a ba ya tafiya da agogo ɗaya duk shekara: akwai na zangon karatu, na lokacin jarrabawa, na hutu. Ku yi tunanin ɗalibar da ta duba waya ranar Asabar ta ga an rubuta a buɗe, ta ɗauko jaka ta taho, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba Google za ta zarga ba. Akwai gurbin lokuta na musamman, ku riƙa cike shi duk lokacin da kalandar jami'a ta fito.

Abu biyu da ake yawan tuntuɓe da su. Na farko, kowa na iya ba da shawarar gyara a kan bayaninku, kuma wani lokaci Google na amincewa, don haka sai da leƙawa. Na biyu, kada a buɗe asusun da imel ɗin wani ma'aikaci na kansa. Ranar da ya yi ritaya ko aka sauya masa wurin aiki, ya tafi da makullin. A yi amfani da imel na ofis, a sa aƙalla mutum biyu a matsayin masu kula. In kun gama da Google, ku maimaita a Bing Places da Apple Business Connect, ku kuma duba ko ginin na kan OpenStreetMap da sunan da ya dace, tunda manhajoji da yawa daga can suke ɗibar taswira.

Mataki na 6: Wikidata tukuna, Wikipedia daga baya

Mutane kan ruga Wikipedia, ni kuwa ina cewa a fara da Wikidata. An buɗe ta a watan Oktoban 2012, taska ce ta bayanai masu tsari da kowa zai iya gyarawa, kuma injuna na iya ɗiba ba tare da neman izini ba. Da Google ya yanke shawarar rufe Freebase, taskar da ya saya a 2010 ya kuma gina Knowledge Graph a kanta, Wikidata aka nufa da bayananta. Sharaɗin shiga cikinta ya fi na Wikipedia sauƙi: abin ya zama takamaimai, kuma a iya kafa hujja da shi daga majiya mai inganci da kowa zai iya dubawa.

Ku bincika ko laburaren na ciki. In babu, ku ƙirƙira, za a ba shi lamba mai farawa da Q. Ku sa babban suna a gurbin suna, sauran a gurbin laƙabi, a kowane harshe da kuke iyawa, har da Hausa. Sai bayanai: P31 don faɗin cewa laburaren jami'a ne, P17 ƙasa, P749 hukumar da yake ƙarƙashinta, P856 shafin intanet, P625 gurbinsa a taswira, P571 shekarar kafawa. Kowane bayani ku jingina shi da majiya. Wanda ya saba cike filayen MARC, tsarin rubuta bayanan katalog, zai ga wannan kamar wasa.

Wikipedia kuwa sai an bi a hankali. Ba ta karɓar maƙala sai an sami majiyoyi masu zaman kansu da suka yi magana a kan abin da ɗan zurfi: littafin tarihi, maƙalar mujalla, rahoton jarida. Shafinku da ƙasidar da kuka buga da kanku ba sa cikin lissafi. Tun 2014 kuma sharuɗɗan Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, suka wajabta wa duk wanda ke rubutu a matsayin aikin da ake biyansa ya bayyana haka, ma'aikacin da aka sa ya rubuta game da ma'aikatarsa ya shiga ciki. Don haka ku bayyana alaƙarku, ku yi amfani da asusun mutum ɗaya ba na ofis ba, ku rubuta daftari ku bar wasu editoci su duba. Ku bar kalmomin yabo irin su "katafaren" da "wanda babu kamarsa", su ne ke sa a goge maƙala. In majiyoyin ba su isa ba, sakin layi mai kyau a cikin maƙalar jami'ar ya wadatar, ya fi maƙalar da za a share bayan mako guda.

Mataki na 7: Lambobin shaida

In laburarenku na da lambar ISIL, wadda ma'aunin ISO 15511 ya tanada don laburare da makamantansu, ku sa ta a Wikidata a gurbin P791. Jami'ar kuma ku duba bayaninta a ROR, rajistar cibiyoyin bincike da aka buɗe a 2019. Ita ROR galibi jami'a take yi wa rajista ba sassanta ba, amma in sunan uwar ya karkace a can, ku ma zai shafe ku. Aikin yini ɗaya ne.

Mataki na 8: Ma'adanar bincike da Google Scholar

Gane laburare abu ne guda, gane abin da ke cikinsa wani abu ne. Jami'o'i da yawa sun zuba dubban kundayen digiri da maƙalu a ma'adana irin su DSpace ko EPrints, amma in ka ɗauki taken kundi ka nema a Google Scholar, injin Google na binciken rubuce-rubucen ilimi, ko ƙyallinsa. Shekaru ana loda kaya, ba mai gani.

Scholar, wanda aka buɗe a 2004, yana da nasa sharuɗɗan daban da na Google na gama-gari. Kowane aiki ya sami adireshinsa shi kaɗai. Fayil ɗin PDF ya kasance mai rubutun da za a iya kwafa, ba hotunan shafuka da aka yi sikanin ba, kuma kada ya wuce megabait 5. Wannan na ƙarshe ne ke kayar da kundayen digiri da yawa. Tsofaffin da aka yi wa sikanin a bi da su ta manhajar gane haruffa, a kuma rage musu nauyi.

Sai alamomin da ke cikin shafin kowane aiki. Mu a laburare mun saba da Dublin Core, tsarin alamomin bayyana take da marubuci da makamantansu, amma Scholar ya faɗa ƙarara cewa sai in babu yadda za a yi ake amfani da shi, domin ba shi da gurbi tsayayye na sunan mujalla, juzu'i, fitowa da lambar shafi. Ya fi son alamomi irin na Highwire Press, wato masu farawa da kalmar citation. Uku ne na dole: `citation_title`, `citation_author` da `citation_publication_date`, sai `citation_pdf_url` da ke nuna inda cikakken fayil yake. Arlitsch ɗin nan da abokin aikinsa Patrick OBrien sun nuna tun 2012 cewa sauya waɗannan alamomi na ɗaga yawan abin da Scholar ke ɗauka daga ma'adana ƙwarai. DSpace da EPrints na fitar da irin alamomin da Scholar ke karɓa da kansu, amma abin da kuka cike suke fitarwa. Ku buɗe shafin wani kundi, ku duba tushen rubutun shafin, ku nemi kalmar citation ku gani da idonku.

Kurakuran da na fi cin karo da su: a sa ranar da aka loda fayil a gurbin ranar wallafa, sai kundin 1998 ya fito kamar na bana. A cusa marubuta uku a gurbi ɗaya. A sa sunan mai duba kundi ko sunan sashe a matsayin marubuci. A liƙa wa kowane PDF bango iri ɗaya mai tambarin jami'a, sai injin ya ɗauki rubutun bangon a matsayin take. Masu DSpace 7 zuwa sama kuma su tabbata an kunna tsarin da ke haɗa shafi tun daga uwar garke, in ba haka ba manhajar Scholar fanko za ta tarar.

Wajen aunawa, kada ku dogara da adadin da binciken `site:`, wato binciken da ke taƙaita sakamako ga shafin intanet guda, ke bayarwa a Scholar, ba ya nuna gaskiyar lamari. Ku zaɓi take talatin ko arba'in daga shekaru da sassa daban-daban, ku neme su ɗaya bayan ɗaya, ku ƙirga nawa suka fito. Kuma ku yi haƙuri, domin gyaran abin da Scholar ya riga ya ɗauka kan ci wata shida zuwa tara kafin ya bayyana. Kafin nan ku yi rajistar ma'adanar a OpenDOAR, jerin buɗaɗɗun ma'adanai na duniya, ku kuma tabbata BASE da CORE, injunan da ke tattara ayyukan bincike, na iya girbe ta ta hanyar OAI-PMH, ƙa'idar musayar bayanai tsakanin ma'adanai.

Katalog ɗin littattafai fa? A ganina kada ku ɓata ƙarfi a kansa da farko. Littafin da ke laburare dubu, ba shafinku injin zai fifita ba. Abin da ku kaɗai ke da shi, kundayen ɗalibanku, rubuce-rubucen hannu, tsofaffin hotuna da takardun tarihi, nan ne ba ku da abokin takara.

Mataki na 9: A ɗora wa wani nauyin

Irin wannan aiki yakan mutu ne ranar da aka ce na kowa ne. A rubuta shi cikin ayyukan mutum ɗaya, da mataimaki. Farkon kowane zango ya sabunta lokutan aiki a shafi, a JSON-LD da taswira, duka rana guda. Kowane wata ya leƙa Search Console ya ga shafukan da aka kasa ɗauka da kalmomin da mutane ke neman ku da su. Tana ajiye bayanan wata 16 ne kawai, don haka a riƙa saukewa ana adanawa. Waɗannan kalmomin ku karanta su da kyau: in ɗalibai na neman ku da wani suna da ba ya cikin takardarku, ku ƙara shi cikin laƙabi.

Bayan wata shida ku maimaita gwajin mataki na farko, da sunaye iri ɗaya, ku jera sabbin hotuna kusa da tsofaffin. A wannan karon ku haɗa da manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira da taƙaitattun amsoshin da Google ya fara sakawa a saman sakamako tun 2024. Ku tambaye su ina laburaren yake, yaushe aka kafa shi, ƙarfe nawa yake rufewa. In suka ba da amsar da ba daidai ba, ku nemi shafin da suka ɗauko ta, sau da yawa wata tsohuwar sanarwa ce a shafin jami'a da ba wanda ya tuna da ita. Ku gyara ta ko ku sauke ta, sannan ku shiga Search Console ku nemi a sake karanta shafin.